Yadda Za Ka Saya wa Matarka Kyamara Mai Jiran Dariya

Ka bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, kada ka tsallake ko guda. Na yi maka alkawari, kafin mako ya zagayo matarka za ta rungume kyamara tana kukan daɗi, aljihunka kuma ba zai mutu ba, suma kawai zai yi. Hanyar tabbatacciya ce. An gwada ta a kan mutum ɗaya, Muktari na unguwar Bukoki a nan Arlit, kuma yana nan da ransa. Kana iya zuwa ka gan shi. Kada dai ka sa ran zai yi maka hira.

Mataki na ɗaya: Ka rasa aikinka

Nan ne tushe. Mai aiki gaggawa gare shi: ya shiga butik, ya nuna, ya biya, ya fito da abin da ba shi da tarihi. Zaɓen kyamara mai araha yana son mutumin da ba a jiran sa ko'ina.

A Arlit ta yanzu matakin nan ba wuya. Ka je ƙofar kamfani da sassafe, ka duba takardar da aka liƙa. In ba ka ga sunanka ba, ka gama.

Muktari minti biyu abin ya ɗauke shi. Ubansa mutumin Damagaram ne, shi kuwa a nan aka haife shi. Ya yi lakkol, wato boko, har ya shiga lise, babbar sakandare, ya fito ba tare da kowa ya lura ba. Shekara biyu yana wanke manyan motoci a wani ƙaramin kamfani mai cin aiki a ƙarƙashin babba. Da kasuwar yuraniyom ta yi sanyi aka ce kowa ya koma gida ya jira kira. Yana jira. Mutum ne da in ya ce maka "to" da safe, ya gama maganar yini.

Mataki na biyu: Ka gano abin da take so ba tare da ka tambaye ta ba

Tambaya rauni ce. Namiji saurare yake yi. A Bukoki wannan ma ba wuya, bangon gidajenmu na tsofaffin durom ne, ko ƙuda ya yi tari maƙwabci zai ce masa sannu.

Matar Muktari sunanta Tata, Ba'abziniya, watansu takwas da aure. Duk maganar da Allah ya hana mijin, ita ya ba wa. Mahaifinta, tsoho Akoli, makiyayi ne daga Gugaram. Fari ya cinye awakinsa, tawaye ya hana zaman daji, ya zo ya sauka a gidansu wata biyu. Sai labari ya iso cewa raƙumansa uku da suka rage suna wata rijiya a hannun ƙanensa. Ya ce ranar Alhamis zai bi motar da ke tafiya da rakiyar soja. Hanyar da ake binne nakiya a cikinta. Kowa ya sani, ba mai faɗa.

Ranar Asabar Muktari yana zaune a bayan bango yana aikin da ya saba, wato kallon ƙasa, ya ji Tata tana daka tana gaya wa maƙwabciya:

"Ko hoto ɗaya na Abba ba ni da shi. Na katinsa na ɗan ƙasa zufa ta mayar da shi taswira. In ya tafi, me zan duba?"

Mai hoton unguwa ya rufe shago tun bara ya koma Maradi. Ya ce babu wanda yake so a tuna masa da shekarun nan.

Muktari ya ƙirga da yatsu. Kwana biyar. Ya shiga ɗaki ya ɗauko takalminsa na aiki, mai ƙarfe a baki, ya kakkaɓe shi, ya nufi kasuwa. Bai dawo da shi ba.

Mataki na uku: Ka raina duk abin da ya fi ƙarfinka

Ka fara da butik mai gilashi, don ka san abin da ba za ka saya ba. Abu uku ake tambaya.

Na farko, mega. Ba wanda ya san ko mene ne. Ka tambaya dai, ka girgiza kai.

Na biyu, batir. Ka nemi mai cin ƙananan batura irin na tocila. Mai caji ta mutanen gidajen kamfani ce. Mu a Bukoki wuta ta saman kanmu take wucewa, mu gaishe ta, ba ta amsawa.

Na uku, hanci. Kada ka kuskura ka sayi mai dogon hanci da ke fitowa yana leƙe-leƙe. Soja ya gan ka da ita a shinge, kai ɗan jarida ne ko ɗan leƙen asiri, kuma a shekarun nan gara ma ɗan leƙen asirin. Ka nemi wadda za ta shige aljihu ta yi kama da sabulu.

Muktari ya tsaya a butik ɗin Fatahu, mutumin Tawa mai kawo kaya daga Tamanrasat.

"Samari, mi kaka so?"

"Nimerik."

Fatahu ya sauko da kwalin wata kyamara yana shafa shi kamar jariri. "Wagga mega goma ta. Har ƙurajen huska tana hiddawa. Jikka tamanin, don kai na."

Muktari ya dubi kwalin. Ya taɓa aljihunsa. Ya girgiza kai.

"Mega goma ya yi yawa. Ba mu da wurin ajiye su."

Ya fita. Ka lura da kyau: bai ce ba shi da kuɗi ba. Talaka mai ilimi ba ya rasa kuɗi, kaya ne ke rasa dacewa da shi.

Mataki na huɗu: Ka nemi wanda duniya ta fi juya wa baya

Araha tana hannun mai yunwa. A garin nan kuwa ba wanda ya kai direbobin 'yan yawon buɗe ido yunwa. Tun da aka fara harbe-harbe a duwatsu Nasara suka ɗauke ƙafa, suka bar su da motoci da murmushi.

Jibrin yana bayan tasha. Motarsa mai hawa tudun rairayi tana zaune a kan duwatsu huɗu, ya sayar da tayoyin. A kan murfin injin ya shimfiɗa abin da baƙi suka bar masa cikin shekara goma sha biyar: tabarau, jakar barci, man hana ƙunar rana, littafin tsuntsaye. Ba'abzine ne, amma rawaninsa a ƙarƙashin haɓa yake ɗaure shi, don ya gano tun da wuri Nasara sun fi sakin kado, wato kyauta, in sun ga haƙori. Murmushin ya zauna masa. Ko gaisuwar mutuwa ya je sai an roƙe shi ya rufe.

"Ɗan Damagaram! Wa ya mutu?"

"Babu."

"To fuskar fa?"

"Tawa ce. Kana da nimerik?"

Jibrin ya zura hannu cikin jakar barci ya fito da wata 'yar kyamara mai launin azurfa, gefenta ya goge.

"Wani mata na Jamus ya ba ni. Wannan kyamara ya ga Tenere. Ya ga Timiya. Ya ga Nasara yana kuka don rana ya faɗi. Batir biyu, ka danna nan, shi ke nan. Ko raƙumi zai iya."

"Mega nawa?"

"Nawa kake so?"

Wannan ita ce amsar ɗan kasuwa na gaskiya. In ka ji ta, ka zauna.

Mataki na biyar: Ka gwada kafin ka biya

Gani ya kori ji. Kada ka ba da ko dala sai ka ga ta ɗauka da idonka.

Muktari ya ɗaga kyamara ya saita ta a kan abin da ya fi kusa, wato Jibrin. Wani ɗan akwati rawaya ya fito a gilashin baya ya kewaye fuskar. Ya danna. Ƙyas! Ga Jibrin, haƙora talatin da biyu, har da na Makka. Ya sake. Ƙyas! Sau huɗu, ba ta yi gardama ko sau ɗaya ba.

Ya miƙa kuɗin takalmi gaba ɗaya. Jibrin bai ko ƙirga ba, ya tura su cikin rawani.

Wasu za su ce maka a gwada kaya a kan mutum biyu. Waɗannan masu shakka ne, kuma shakka ba ta gina gida.

Mataki na shida: Ka miƙa kyautar ba tare da jawabi ba

Jawabi na 'yan siyasa ne. Muktari ya jira Tata ta juya baya, ya sa kyamara a cikin kwanon tuwo wanda ba kowa, ya rufe da faifai, ya koma ya zauna.

Ta buɗe. Ta yi ƙara har akuyar maƙwabta ta amsa.

"Malam Shiru! Kai ne? Ashe kunnuwan nan suna aiki?"

"To."

Ya karɓa ya saita ta. Tana dariya, hannu a baki, ƙyas! Ta leƙa ta ga kanta, ta sake yin ƙara. Ta fizge.

"Tsaya nan. Kai ma yau sai an san kana duniya."

Ya tsaya. Akwatin rawaya ya kama fuskarsa. Ta danna. Shiru. Ta sake dannawa. Akwatin yana nan yana kallon sa, shi ma yana kallon akwatin. Sun yi kusan minti biyu a haka, ba wanda ya sauko.

Suka fita titi suna gwaji. Mai gyaran babur, ba ta ɗauka ba. Liman, ba ta ɗauka ba. Layin mata a bakin famfo, mutum ashirin da jarka, ko ɗaya. Suna wucewa ta wurin mai nama, kyamara a kunne a hannun Tata, sai ƙyas! Suka duba. Gasasshen kan rago ne a kan tire, leɓe ya tattare, haƙora a waje.

Muktari ya koma bayan tasha.

"Ta lalace."

"Bai lalace ba," in ji Jibrin. "Ladabi gare shi. Ka ga nan?" Ya nuna wani ɗan gurbi a sama, inda a dā akwai abin murzawa. Ya karye, ya tsaya daidai kan wata 'yar fuska mai dariya. "Rairayi ya shiga, matan ya murɗa da ƙarfi. Tun ranar sai ya ga haƙori yake ɗauka. Ka danna, ya jira. Aka yi dariya, ƙyas."

"A canza."

"Bismilla." Ya danna wani maɓalli, rubutu ya cika gilashin. Muktari, wanda ya yi shekara goma yana shan bulala a kan Faransanci, ya ƙura ido. Kalmomi ne dogaye kamar jirgin ƙasa, wasu da ɗigo biyu a kai. Jamusanci.

"Kuɗina."

Jibrin ya nuna buhun gero a kujerar baya ta motar, yana murmushi. Kyamarar da ke hannun Muktari ta ce ƙyas.

Mataki na bakwai: Ka fahimci surukinka

Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. Wanda ya yi karin maganar nan bai taɓa zuwa Abzin ba.

Dattijon Abzin ba ya barin bakinsa a waje. Amawali, wato ɓangaren rawanin da ke rufe baki da hanci, shi ne mutuncinsa. Kuma yana hawa yana sauka gwargwadon wanda ke wurin. A gaban abokin wasa ya ɗan sassauta. A gaban baƙo ya hau hanci. A gaban mijin 'yarsa kuwa, a cikin gidan mijin 'yar, sai ya kai inda gashin ido ke shafar sa. Wata biyu tsoho Akoli yana gidan, Muktari bai san ko yana da gemu ba. Shi ma Muktari, da kunyar suruki irin tamu, bai taɓa ɗaga ido ya bincika ba. Zamansu lafiya lau. Ba su taɓa saɓani ba, tun da ba su taɓa haɗa ido ba.

To ga kyamarar da ba ta aiki sai ta ga haƙori.

Mai wayo zai ce: a zaunar da mai dariya kusa da shi mana. An yi. Ranar Lahadi Tata ta zauna gefen mahaifinta ta washe baki, Muktari ya danna yana kallon gefe. Ƙyas!

Ta daɗe tana duba hoton.

"Wannan ni ce," ta ce. "Wannan kuma wanki ne da idanu."

"Shi ne."

"Kowane tsoho ne daga nan har Iferwan. Kawuna ne. Ɗan fashi ne. Ni Abba nake so." Ta taɓa haƙoranta na gaba. "Wushiryar nan tasa ce. Ina ƙarama nakan gan ta in muna kiwo, daga ni sai shi sai awaki. Ita nake so in riƙa gani."

Muktari ya sunkuyar da kai. Amma wannan karon ba don hali ba ne.

Mataki na takwas: Kada ka yi kwanton ɓauna a wurin shayi

Za ka ce ai dole ya buɗe baki ya sha. Muktari ma haka ya ce. Ya ɓata yinin Litinin a bayan tulu. Kofin shayi ta ƙarƙashin amawali yake shiga cike, ya fito ba komai. Sau uku. Abin da ke faruwa a ciki, tsakanin tsoho ne da Mahaliccinsa.

Mataki na tara: Ka ba shi dariya

Dabarar ita ce, in dariya ta yi ƙarfi rawani zai zame. Ka nemi labari mai kyau, ka haddace.

Jibrin ne ya ba Muktari nasa, kyauta, a madadin kuɗi. Ya rantse Nasara har faɗowa suke yi daga mota in ya ba da shi. Labarin wani mutum ne da jakinsa da alƙali, mai hawa uku. Muktari ya yi ta maimaita shi a hanya, leɓensa na motsi, har wata tsohuwa ta ce masa Allah ya karɓi ibada.

Talata da la'asar ya zauna nesa da tabarmar tsoho, ya ba shi rabin baya kamar yadda ladabi ya ce, ya fuskanci bango. Tata tana bakin ɗaki, ta riga ta danna, kyamara tana jira.

"Baba, akwai wani labari."

Amawali ya ƙara hawa.

"Wani mutum yana da jaki."

"Madalla," in ji tsoho.

A nan ne abin ya faru. Tsakiyar labarin, inda alƙalin yake, inda duk abin dariyar yake, ta tashi ta bar kan Muktari kamar tsuntsu. Ya lalubo, ya lalubo. Ƙarshen kaɗai ya samu.

"Jakin ya mutu."

Tsoho ya ajiye carbi.

"Inna lillahi. Yunwa ne?"

"E."

"Mutumin ina ne?"

Muktari ya dubi bango, bango bai taimaka ba. "Wajen Tanut."

"Can ma ruwa bai yi ba." Tsoho ya jinjina kai. "Shi kaɗai ne jakin shi?"

"Shi kaɗai."

"Wayyo. Da me zai jawo ruwa?" Ya ɗaga tafin hannu. "Allah ya mayar masa da alheri. In ka gan shi ka ce Akoli na Gugaram yana gaishe shi, ya san zafin."

Suka shafa fatiha. A bakin ɗaki Tata ta cusa gefen mayafi a baki, kafaɗunta suna rawa, kyamara tana kallon sama.

Darasi: kafin ka ba makiyayi labarin dabba a shekarar fari, ka tabbata dabbar ta rayu.

Mataki na goma: Ka gane wane ne matsalar

Laraba da hantsi Tata tana ɗaure wa mahaifinta kaya. Sukari, ganyen shayi, taba, 'yar fitila. Ba ta yi waƙa ba, ba ta tsokani kowa ba. Gidan ya yi tsit kamar Muktari biyu ne a ciki. Ta gama, ta ɗauko kyamara ta sa masa a hannu.

"Mayar masa. Ka ce ya ba ka ko tabarau ne. Na gode, ka yi ƙoƙari."

Ya dubi kyamarar. Ya dubi tsoho a can ƙarƙashin rumfa, tulin shuɗin yadi da idanu biyu. Ya tuna abin da ta ce: daga ni sai shi sai awaki. Ya daɗe yana lissafi. A cikin lissafin nan akwai mutum ɗaya da ya yi yawa.

Ya mayar mata da ita a hannu, ya yi jawabi mafi tsawo tun ranar ɗaurin aurensa.

"Ba kyamarar ba ce. Ni ne. Ki danna sau ɗaya, ki jira."

Ya ɗauki hularsa ya fita, ya tsaya a bayan ƙofa.

Jim kaɗan Tata ta leƙo. "Ya ce kana nan."

"Ban yi motsi ba."

"Ya ce yana jin shirunka. Ƙara gaba."

Ya tafi bakin famfo. Ta sake leƙowa, ta yi masa alama da hannu kamar mai korar kaza. Ya wuce mai nama. Ya wuce masallaci. Ya kai ƙarshen unguwa, inda aka yar da wata tsohuwar tayar motar haƙar ma'adini, wadda ta fi ɗakinsu girma. Daga nan ba gida, sai fili da tudun ƙasar da kamfani ya tara. Ya hau tayar ya zauna. Rana tana tsaka. Roba tana gasa shi ta ƙasa, sama tana gasa shi ta sama, silifas ɗinsa suna narkewa a hankali.

Awa ɗaya. Awa biyu. Wani jandarma a kan babur ya wuce, ya juyo, ya tsaya. Saurayi shi kaɗai, fuska a murtuke, yana fuskantar wurin haƙa. A shekarun nan an kama mutane a kan abin da bai kai haka ba.

"Kai! Me kake yi a nan?"

"Hoto nake ɗauka."

Jandarma ya sauko, hannu a ɗamara. "Ina kyamarar?"

"Tana gida."

Jandarma ya dube shi sama da ƙasa. Ya dubi rana. Ya ciro gorar ruwansa ya miƙa masa, ya ce Allah ya sawwaƙe, ya hau babur ya tafi.

Sai da aka kira la'asar ya koma. Tata tana bakin ƙofa, idanunta jawur, hancinta na zuba, ta danne wani abu a ƙirji cikin zane.

"Ya fito?"

Ta ɗaga kai sau uku. "Ya fito."

"Yaya aka yi?"

"Saukar da rawanin ba wuya. Dariyar ce ta ƙi. Ya zauna kamar za a yi masa allura. Na yi masa waƙa, na yi masa gwalo, ko gezau. Sai na juya masa rabin baya, na kalli bango, na yi muryarka." Ta turo baki, ta saukar da gira, ta yi magana daga cikin ciki: "Baba. Wani mutum. Yana da jaki." Ta fashe. "Na ce masa, Abba, babu jaki, babu mutum, babu Tanut. Labarin ban dariya ne mijina ya ba ka, ka yi masa fatiha. Wallahi sai da ya faɗi a kan tabarma."

A ƙarƙashin rumfa tsoho yana zaune, amawali ya koma har gashin ido. Amma tulin yadin yana girgiza, wani ɗan sauti yana fita daga ciki kamar butar shayi ta kusa tafasa.

Muktari ya miƙa hannu wajen kyamara. "Mu gani."

Ta buge hannun.

"Kai! Bakin surukinka? Ina kunyar taka?"

Ya tsaya da hannu a iska. Ya juya maganar ta kowane gefe. Ba ta da ƙofa.

"To," ya ce.

Mataki na goma sha ɗaya: Ka riƙa sayen batir

Alhamis da safe motoci suka yi layi a bakin gari, soja gaba, soja baya. Tsoho Akoli ya ba Muktari hannu, irin gaisuwarsu ta shafa tafi a janye, a sake shafawa. Sau biyar ya yi. Kowannensu yana kallon wani wuri dabam. Sannan ya hau kan buhuna, motar ta ɗaga.

Can babu waya. Labari sai in wani ya zo, kuma ba kullum ake zuwa ba.

Kowace safiya in Tata ta gama shara takan zauna a bakin ɗaki, ta kunna kyamara, ta kāre gilashin da tafin hannu. Wani lokaci ta yi dariya. Wani lokaci ba dariya ba ce. Muktari kuwa da ya ji ƙarar kunnawa sai ya juya ya fuskanci bango, ya jira ta kashe. Kyamarar tana cin batir biyu duk kwana goma. Shi ke sayowa, shi ke sakawa, ido a rufe.

Hattara

Mai wannan rubutu ba mai sayar da kyamara ba ne, ba ɗan'uwan Jibrin ba ne, kuma bai iya Jamusanci ba. Duk wanda ya bi matakan nan ya rasa takalmi, ko rana ta taɓa shi, ko jandarma mara gorar ruwa ya same shi, ko aka yi fatiha a kan ƙaryarsa, shi ya jiyo, ba da hannuna ba. Wanda ya rasa aiki saboda mataki na ɗaya ya sani da ma zai rasa. Wanda surukinsa ke yawo da baki a buɗe ya sayi kowace iri, ya daina damun mutane.

Kuma kada wani ya tare ni a hanya yana tambaya ko da gaske tsoho Akoli yana da wushirya. Wanda ya sayi kyamarar ma ji ya yi an faɗa.